Wa zai biya kuɗin jami'a: mai haraji, ɗalibi, ko mai hali kaɗai?

Jami'a ba ta tafiya da fatar baki. Malami na jiran albashi a ƙarshen wata, ɗakin gwaji na son kayan aiki, laburare na son littattafai, rufin aji in ya fara yoyo sai an gyara. Kuɗin wannan duka daga aljihu uku yake fitowa: aljihun iyaye a yau, aljihun ɗalibi gobe idan ya kama aiki, ko aljihun mai biyan haraji, wanda wataƙila bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Duk tsarin da ka ji wata ƙasa na tinƙaho da shi gauraya ce ta waɗannan ukun, bambancin kawai shi ne aljihun da aka fi tatsa.

Mai jefa ƙuri'a da ke sauraron alkawuran 'yan takara, da shugaban ɗalibai da zai zauna teburin sulhu da gwamnati, da ɗan majalisar da aka ajiye wa daftarin doka, duk abu ɗaya ya kamata su auna: a wane tsari ne ɗan talaka ya fi samun shiga, ya kuma fi samun gamawa? Hanyoyi uku aka fi bi a duniya, kuma an daɗe ana bin su, har an ga inda kowace ke kai mutum.

Kyauta ga kowa

Wannan ita ce ta fi daɗin faɗa a dandalin yaƙin neman zaɓe. Jamus ake yawan ba da misali da ita, sai dai mutane kan manta cewa ta taɓa gwada karɓar kuɗi ta fasa. A 2005 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce gwamnatin tarayya ba ta da hurumin hana jihohi sa kuɗin makaranta. Jihohi 7 daga cikin 16 suka sa, galibi yuro 500 a kowane zangon karatu. Ɗalibai suka yi tsaye, jam'iyyu suka mai da abin batun zaɓe, jiha bayan jiha ta janye, har ta ƙarshe ta soke a 2014. Denmak ta zarce haka, domin ban da karatu kyauta tana ba ɗalibi kuɗin kashewa duk wata.

Alherin wannan hanya a fili yake, kuma masu sukarta kan raina shi. Babu takardar da za ka cike don tabbatar wa wani jami'i cewa gidanku ba shi da hali. Babu bashi. Yaron da a zuriyarsu ba wanda ya taɓa zuwa jami'a, wanda jin adadin kuɗin kaɗai ya isa ya kashe masa gwiwa, ba zai ga lambar da za ta tsorata shi ba.

Matsalar na tasowa ne a inda guraben ba su da yawa. Ɗauki 'yan mata biyu a Barazil kafin 2012. Kundin tsarin mulkin ƙasar na 1988 ya ce karatu a jami'o'in gwamnati kyauta ne, kuma su ne suka fi inganci. Ta farko 'yar lauya ce. Ta yi sakandaren kuɗi, an ƙara mata da darasin shirin jarrabawa, ta ci, ta samu gurbi a jami'ar tarayya, ba ta biyan ko sisi. Ta biyu 'yar direban bas ce. Sakandaren gwamnati ta yi, makinta bai kai ba. Da rana tana tsaye a bayan kanta tana sayar da kaya, da dare ta tafi wata kwaleji mai zaman kanta inda ake cire mata kuɗin makaranta daga ɗan abin da ta samu. Mahaifinta kuwa duk abin da ya saya sai ya biya haraji a kai, daga cikin harajin nan ake biyan malaman 'yar lauya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Har gobe kusan kashi uku cikin huɗu na ɗaliban manyan makarantu a Barazil a masu zaman kansu suke.

Wani abin mamaki, ba 'yan jari-hujja ne suka fara hango wannan ba. Tun a 1875 Karl Marx, jigon aƙidar gurguzu, ya yi ƙorafin cewa manyan makarantu na kyauta ba komai ba ne illa biya wa masu hali kuɗin karatun 'ya'yansu daga baitulmali.

Barazil ba ta magance matsalar ta hanyar sa kuɗin makaranta ba. Ƙofar shiga ta gyara. Dokar 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati, a cikin rabin kuma aka sake ware kaso ga masu ƙaramin ƙarfi da baƙaƙen fata da 'yan ƙabilun da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Ita ma Jamus a ƙofa matsalarta take. A yawancin jihohinta tun yaro na kimanin shekara 10 ake raba hanya, wasu su nufi makarantar da ke kaiwa jami'a, wasu ta koyon sana'a, kuma 'ya'yan masu digiri sun fi yawa nesa ba kusa ba a hanya ta farko. Yaron da aka karkatar tun yana aji huɗu, soke kuɗin jami'a bai tsinana masa komai ba.

Sannan gwamnatin da ke biyan komai ita ke da ta-cewa a kan adadi. Sukotilan ba ta karɓar kuɗi daga 'yan ƙasarta, amma ta ƙayyade guraben da take biya wa. Ajantina ta bi ɗaya ɓangaren: kyauta da ta samo asali a 1949, ƙofa a buɗe, azuzuwa cike maƙil, da yawa kuma ba sa kaiwa ƙarshe. Ga kuma batun asusu. Harajin da Denmak ke tarawa ya haura kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, alhali ƙasashe da dama a Afirka ba sa kaiwa kashi 20. Wanda ya kwaso tsarin Denmak ba tare da harajin Denmak ba, abin da zai samu shi ne jami'a kyauta wadda ba kujera, ba kayan gwaji, malamai na yajin aiki, masu hali kuma sun kwashe 'ya'yansu sun kai wani wuri.

Karanta yanzu, ka biya in ka samu

Kafin a ci gaba, bashin karatu iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke rikita muhawara.

Akwai irin wanda Amurka ta daɗe a kai: ka karɓa, ka gama, a yanka maka abin da za ka riƙa biya duk wata, galibi cikin shekara 10, ko ka samu aiki ko ba ka samu ba. Akwai tsare-tsaren sassauci bisa ga abin da mutum ke samu, amma sai ka nema, ka cike takardu, ka sabunta. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 jihohi da yawa sun rage abin da suke ba jami'o'insu, jami'o'in suka juye nauyin a kan ɗalibai. Yau mutum sama da miliyan 40 ne gwamnatin tarayya ke bin su fiye da dala tiriliyan 1.6. Shugaba Biden ya yi yunƙurin yafe dala 10,000 zuwa 20,000 ga kowane mai bashi da ya cancanta, kotun ƙoli ta rushe shirin a watan Yunin 2023. Wannan iri ba na ba kowa shawarar ya kwaikwaya, don haka ba zan ɓata lokaci a kansa ba.

Iri na biyu Ostareliya ce ta fara shi a matakin ƙasa. Gwamnatin Gough Whitlam ta soke kuɗin jami'a a 1974. Bayan shekara 15 gwamnatin Bob Hawke, daga jam'iyyar Leba ɗaya da Whitlam, ta dawo da shi ta wata siga da masanin tattalin arziki Bruce Chapman ya tsara. A 1989 aka sa dalar Ostareliya 1,800 a shekara, amma ba a ƙofa za ka biya ba. Hukumar haraji ce za ta riƙa cira daga albashinka, kuma sai samunka ya haura wani mataki. Ingila ta biyo baya sannu a hankali: fam 1,000 a 1998, fam 3,000 a 2006 lokacin da aka koma biya bayan an gama, sai fam 9,000 a 2012.

Duba takardar albashi ka ga yadda abin yake. Ga wanda ya shiga jami'a a Ingila daga 2023, ana cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya ɗara fam 25,000 a shekara. Malamar asibiti mai samun fam 30,000, a kan fam 5,000 ɗin sama kaɗai za a yi mata lissafi: fam 450 a shekara, wato fam 37 da rabi a wata, a layi ɗaya ƙarƙashin haraji. Abokin karatunta da ke samun fam 24,000 ba a cire masa komai. In ta rasa aiki, ko ta tsaya renon jariri, cirewar ta tsaya, ba wanda zai buga mata ƙofa. Abin da ya saura bayan shekara 40 an yafe. Sunansa bashi, amma tafiyarsa ta haraji ce.

Da aka ninka kuɗin sau uku a 2012 mutane da yawa sun yi hasashen 'ya'yan talakawa za su ƙaurace wa jami'a. Hasashen bai tabbata ba. Yawan matasa daga yankuna marasa galihu da ke shiga ya ci gaba da ƙaruwa, musamman da aka cire iyakar gurabe a 2015, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu da 'ya'yan masu hali a manyan jami'o'i tana nan daram. Waɗanda suka ɓace su ne manya masu karatu suna aiki, adadinsu ya faɗi warwas.

To, ina aibin? Na farko, yarjejeniya ce da mai iko, mai iko kuma yana iya sauya ta. Waɗanda suka shiga a 2012 shekara 30 aka ce musu za a yafe, na 2023 aka mayar musu 40, aka kuma saukar da matakin fara biya. Sakamakon haka, mai matsakaicin albashi zai daɗe yana biya, mai babban albashi ya sauke nasa da wuri ya huta. Na biyu, ganin bashi na hawa kana biya yana cin rai, ko da masana sun ce kada ka damu da adadin. Ostareliya ba ta sa kuɗin ruwa, tana dai ɗaga bashin daidai da hauhawar farashi, amma da ɗagawar ta kai kashi 7.1 a 2023 ƙasar ta ɗauki zafi, har gwamnati ta sauya lissafin, a 2025 kuma ta zaftare kashi 20 na bashin kowa.

Na uku shi ne riba. Bashin Ingila na ɗauke da kuɗin ruwa, kuma akwai ɗalibai Musulmi da suka gwammace su haƙura da jami'a da su sa hannu a kai. Firaministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, ya yi alkawarin samar da tsarin da ya dace da shari'a tun 2013, aka yi tuntuɓa a 2014, aka ba gwamnati ikon yi a dokar 2017, shekara goma ta wuce ba a fara ba. Ba dole ba ne bashin karatu ya zo da ruwa: Niyu Zilan ta cire shi tun 2006 ga masu bashin da ke zaune a ƙasar.

Na huɗu shi ne wanda ya fi nauyi, shi ne kuma masu kwaso tsari daga waje ke tsallakewa. Duk dabarar a kan hukumar haraji ta rataya. Dole ta san abin da kowa ke samu, ta kuma iya cira tun kafin kuɗin ya shiga hannu. A ƙasar da yawancin masu digiri ke sana'ar kansu, ko aikin da ba takardar albashi, ko sun tsallaka waje, wa za a cira wa? Kenya ta kafa hukumar rancen ɗalibai a 1995, kuma har yau bin sawun waɗanda ba sa aikin albashi na cikin manyan ciwon kanta. A irin wannan yanayi malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati, waɗanda ba su da wurin ɓuya, su ne ke biya. Ɗan kasuwan da ya ninka su samu yana gefe.

Kyauta ga talaka, mai hali ya biya

Chile ta iso nan ne bayan ta sha wuya. Sauye-sauyen 1981 a zamanin mulkin soja na Pinochet sun buɗe kasuwar jami'o'i, daga 2006 kuma bankuna suka fara ba ɗalibai rance da lamunin gwamnati a kan ruwa kusan kashi 6. Zanga-zangar 2011 ta sa aka saukar da shi zuwa kashi 2. Ɗaya daga cikin jagororin ɗaliban wancan lokaci, Gabriel Boric, shi ne ya zama shugaban ƙasa a 2022. A 2016 gwamnatin Michelle Bachelet ta fara karatu kyauta ga rabin al'umma mafi ƙarancin samu, a 2018 aka faɗaɗa zuwa kashi 60.

Afirka ta Kudu ma daga titi abin ya taso. Boren neman soke kuɗin makaranta ya ɓarke a Oktoban 2015. Kwamitin da aka naɗa ya ba da shawarar rance irin wanda ake biya in an samu, amma a Disamban 2017 shugaban ƙasar na lokacin, Jacob Zuma, ya yi gaban kansa ya sanar da kyauta ga gidajen da samunsu bai wuce rand 350,000 a shekara ba.

A takarda wannan hanya ta fi adalci, domin kuɗin jama'a na zuwa inda ake buƙatarsa, 'yar lauya kuma ta biya nata. A aikace tana da ƙaya biyu. Ta farko ita ce layi. Gidan da ke samun rand 349,000 an ɗauke masa komai, na 351,000 ba ko ƙwandala ta kyauta, alhali tukunyarsu ɗaya. A can har suna aka yi wa waɗannan, 'yan tsakiyar da aka manta: 'ya'yan malamai da 'yan sanda da ma'aikatan jinya, waɗanda suka fi ƙarfin tallafi amma kuɗin makaranta ya fi ƙarfinsu. Maganin wannan sananne ne, a yi matakala, tallafin na raguwa kaɗan-kaɗan yadda samu ke ƙaruwa. 'Yan siyasa ba sa son matakala ne kawai saboda ba ta shiga cikin taken kamfe.

Ƙaya ta biyu, ta yaya za a gane talaka? In gwamnati ba ta san samun mutane ba, tantancewa kan koma takardar shaida da sa hannun wani babba, wanda ya san hanya ya shige gaban wanda ya cancanta. Sai dai nan akwai sauƙi idan aka kwatanta da bin bashi. Ana iya duba abin da ke da wuyar ɓoyewa, kamar irin sakandaren da yaro ya yi, yadda Barazil ta yi. Tantancewa sau ɗaya ake yi a bakin ƙofa, bin bashi kuwa aikin shekara talatin ne.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa a hankali. Shirin da talaka kaɗai ke amfana da shi ba ya da masu tsaya masa a inda ake raba kasafi. Tallafin Pell da gwamnatin Amurka ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, wanda ya samo asali a 1972, a tsakiyar shekarun 1970 yana ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati. Yau mafi girmansa dala 7,395 ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ba wanda ya soke shi. Barin sa aka yi farashi ya wuce shi.

Haya da abinci

Duk muhawarar nan a kan kuɗin makaranta ake yin ta, amma sau da yawa ba shi ke korar ɗan talaka ba. Wurin kwana ne, da abinci, da kuɗin mota, da albashin da gida ya rasa saboda ya tafi karatu. A Suwidin ba a biyan kuɗin makaranta, duk da haka ɗalibai da yawa na fita da bashi mai nauyi, na zaman rayuwa kawai. Jamus tun 1971 take da tallafin zama ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda a yanzu rabinsa kyauta ne, rabi rance marar ruwa, kuma abin da za a mayar ba ya wuce kimanin yuro 10,000. A ganina wannan ya fi soke yuro 500 amfani ga ɗan talaka, amma ba a cika jin labarinsa ba.

Ingila ta soke tallafin zama a 2016 ta mayar da shi rance, sai ya zama ɗalibin da ya fi kowa talauci shi ke fita da bashin da ya fi na kowa. Holan ta soke nata a 2015, ta ga ba ta ɓulle ba, ta dawo da shi a 2023. Niyu Zilan kuwa ta ba da shekarar farko kyauta ga kowa a 2018, ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani a irin mutanen da ke shiga ba, a 2025 aka mayar da kyautar shekarar ƙarshe.

To wanne za a ɗauka?

Ya danganta da ƙasar da ake magana a kanta, kuma abu biyu ne ke raba gardama: yawan matasan da ke kaiwa jami'a, da ƙarfin hukumar haraji. Inda akasarin yara ke gama sakandare mai kyau, gurabe suka wadata, jama'a kuma suka yarda da haraji mai nauyi, kyauta ga kowa ba ta da laifi, don wanda ya amfana zai mayar ta hanyar haraji. Inda aikin albashi ya yi yawa, hukumar haraji ke ganin kowa, amma ba a son ƙara haraji, tsarin Ostareliya na aiki, muddin aka ɗaure sharuɗɗan a doka yadda ba za a sauya wa mutum su a tsakiyar tafiya ba, aka kuma bar ruwa a waje.

Inda kuwa ɗaya cikin goma ne ke kaiwa babbar makaranta, kamar yadda yake a Afirka kudu da Sahara, haraji kuma bai taka kara ya karya ba, ni hanya ta uku zan zaɓa, amma da gyara. Mai hali ya biya. A yi matakala a maimakon layi. A ware gurabe ga 'yan makarantun gwamnati. Kuɗin da aka samu daga masu hali a zuba shi a wurin kwana da abincin marasa hali, da kuma sakandaren da suke fitowa. Na san wannan ba zai yi wa shugabannin ɗalibai daɗi ba, domin "kyauta ga kowa" ita ke tara jama'a a fili. Amma waɗanda ke filin sun riga sun samu gurbi. 'Yar direban bas tana bayan kanta a lokacin.

Kowanne aka ɗauka, akwai layi ɗaya a cikin daftarin da ya kamata a nema kafin a sa hannu: me zai faru da ɗalibin da ya yi tuntuɓe? A Chile kyautar na ƙarewa ne da cikar shekarun da aka ƙayyade wa kwas, wanda ya maimaita shekara sai ya nemo kuɗi, kuma wanda ke aiki yana karatu shi ya fi maimaitawa. A Amurka likitoci da lauyoyi masu bashin dala dubu ɗari da ɗoriya galibi suna biya lafiya lau. Waɗanda suka fi kasawa su ne masu ɗan ƙaramin bashi, da suka bar makaranta a shekara ta ɗaya ko ta biyu, suka koma gida ba takarda.